Ranar da Murjani Ya Ɗaura Harami

Zauna ka ji, maganar ba doguwa ba ce.

Cikin mutanenmu da suka tafi Makka a ƙasa akwai wani Bakabe da ya tsaya a bakin Bahar Maliya, bai ƙara gaba ba. Kamun kifi ne sana'ar gidansu, sai ya ci gaba da ita a can. Ya sami wani wuri da duwatsun murjani suka yi daji a ƙarƙashin ruwa, ja da ɗorawa da shuɗi, kamar rumfar 'yan koli ranar kasuwa. Kifi kuwa ba a magana. Da safe sanyin ruwan har cizo yake. In ya jefa koma sau biyu, gida ya ci, maƙwabta su samu. Da wannan wuri ya yi aure, da shi ya aurar.

Ya tsufa, sai ruwan ya fara ɗumi. Ya ji daɗi, don gwiwoyinsa sun daina ciwo. Wata shekara ya leƙa ya ga murjanin ya yi fari fat. Shi mutumin hanyar Makka ne, fari a wurinsa alheri ne. Ya koma gida yana murna, wai dutsensa ya ɗaura harami. A lokacin wasu masu bincike suna zuwa da jirginsu, suna nutso, suna auna zafin ruwa. Wata daga cikinsu ta ce masa, "Baba, murjani rai gare shi. Zafi ne ya kore masa launi. In ya daɗe a haka, wannan ba harami ba ne, likkafani ne." Ta ba shi shawara ya bi sauran masunta arewa, inda ruwa ke da sauran sanyi. Ya ce yarinya ce. Ya ƙi tafiya, ya hana ɗansa ma, wai ba a barin wuri mai albarka.

Fari ya koma toka-toka, gansakuka ta rufe. Ƙananan kifi suka watse, manya suka bi su. Da ɗan ya isa arewa daga baya, kowane wuri da mai shi. Tsohon ya ƙare kwanakinsa a kan yashi yana ɗinke komar wasu, yana ba yara labarin launukan da ba su taɓa gani ba, su kuwa suna zaton tatsuniya ce.

In ka ga abin da ka saba ya sauya, ko da sauyin ya yi maka daɗi, tambayi dalili. Hausawa sun ce, ruwa ba ya tsami banza.