Taransifoma Mai Ƙafa Biyar

Injiniya Haladu, ajiye takardar nan tukuna ka ji wani misali. Wani gari ne da ruwan shansu kaf ya dogara da rijiyar burtsatse ɗaya tal, ita kuma sai da wuta take aiki. Suka nemi wani tsoho mai haɗa taransifoma ya yi musu. Bawan Allah bai taɓa ko ƙusa ba, sai da ya je garin ranar kasuwa ya wuni yana kallon falwayoyi. Layi uku ne a sama, amma tsanin garin gajere ne, saboda haka mai walda, mai injin niƙa, mai ƙanƙara, kowa a wayar ƙasa ya maƙala tasa. Layi ɗaya na nishi, biyu na hutu. Da ya dawo sai ya jera ƙarfen ciki ƙafa biyar, maimakon ukun da aka saba. Abokan sana'a suka yi ta dariya, wai tsufa ya sa yana ƙara wa jaki ƙafa. Ya ce musu, "In kayan da layukan uku ke ɗauka bai zo daidai ba, rarar maganaɗisu sai ta nemi hanyar komawa. In ban gina mata ba, ta jikin tankin taransifoma za ta bi."

Maƙwabtan garin kuwa mai ƙafa uku suka ɗauka, wanda aka auna a takarda kamar kowane layi zai ɗauki kaya daidai da ɗan'uwansa. Alhali halinsu ɗaya da mutanen wancan garin, har tsanin ma a can suke ara. Bazara na kamawa tankin taransifomansu ya ɗau zafi, fenti ya kumbura, man da ke ciki ya tafasa, ranar wata Laraba ya yi tsit. Famfonsu ya ƙafe, mata suka ɗauki jarkoki cikin rana tsaka suka nufi garin mai ƙafa biyar ɗin da aka yi wa dariya. Can suka tarar na tsoho yana gurnaninsa a hankali, ka dafa jikinsa ɗumi kawai, ruwa na zuba. Kai, wallahi irin wannan mutum yana burge ni! Bai tsaya zagin jama'a ba, bai ce sai sun sauya hali ba. Ya dai san da zarar an rufe tanki an zuba mai, babu mai sake ƙara ƙafa. Shi ya sa Hausawa suka ce, tun ran gini, tun ran zane.