Sakatar Banɗaki

"Likita, kada ka rubuta komai tukuna," in ji matar kafinta. "Bari ya je ya yi fitsari, sai ka sake auna shi."

Likita ya ɗago kai. Yanzun nan ya auna hawan jinin mijinta, lafiya lau, kamar yadda asibitoci huɗu suka faɗa a baya.

"Baiwar Allah, ga layi can a waje."

"Shekara uku muna bin layi. Minti biyar ba zai kashe kowa ba."

Tsawon shekarun nan, da zarar mijin ya yi fitsari sai kansa ya sara, zufa ta karyo masa, wani lokaci ya yanke jiki ya faɗi. Dangi suka ce aljanin banɗaki ne. Da hannunta ta cire sakatar ƙofar, don ta riƙa kai masa ɗauki.

Mijin ya je ya dawo yana dafa bango. Likita ya sake aunawa, ya kalli lambar, ya miƙe tsaye.

Hoto ya nuna ƙari kamar ƙwallon dabino a jikin mafitsara, inda ba kasafai irinsa ke fitowa ba. Duk lokacin da mafitsara ta matse shi, sai ya saki sinadarin da ke harba jini sama. Aka shirya mijin da magani, aka yi tiyata.

Wata guda bayan sallama, tana shanya, ta hango shi a bakin banɗaki, guduma a hannu.

"Uwargida," ya ce, "ina kika ɓoye min sakatata?"