Gauɗen Inna

An yi wani tela, haihuwar ƙauye amma girman birni, da ya ɗauko mahaifiyarsa ya dawo da ita gidansa sa'ad da ƙafa ta fara gaza mata. Tsohuwa ba ta rasa ci ba, ba ta rasa sutura ba, sai dai hirarta kullum ba ta wuce gauɗe. Wai suna 'yan mata in sun je itace, sai su cika bakin zane da 'ya'yansa rawaya, su taho suna tsotsa har gida. "Ko guda in sake sawa a baki kafin a kira ni," in ji ta. Maganar nan ta tsaya wa tela a rai. Ya ce ba zai tsaya aike ba, itacen gaba ɗaya zai kawo mata. Ya hau babur ya nausa daji, ya yi ta dube-dube har ya ga wani guntun itace mai karkatattun rassa, ganye uku-uku a cure a bakin reshe, daidai yadda ta sha kwatanta masa. Ya haƙo shi da saiwarsa, ya dasa a ƙofar ɗakinta, ya kewaye da ƙaya saboda awaki. Ba ya fita shago sai ya ba shi ruwa. Shekarar da ya yi fure kuwa gida ya ɗauki ƙamshi. Furen kan buɗe fari fat, kafin a ankara ya koma ruwan ɗorawa, maƙwabta har leƙowa suke su tambayi wane turare aka sayo.

Sai 'ya'ya suka fito. Tela ya zuba ido su nuna, suka ƙi. Wata ya bi wata suna nan toka-toka, ko tsuntsu bai kula su ba. Ran nan haƙuri ya ƙare, ya tsinko guda, ya ce bari ya ɗanɗana kafin ya miƙa wa Inna. Ya gatsa, ji kake ƙas! Ya dafe muƙamuƙi ya zauna daɓas a ƙasa. Tsohuwa ta yi dariya har da hawaye. "Kai ɗan nan, ai gauɗen kura ka kawo mini! Tun ranar da ka sauke shi na ga ɓawon. Ɓawon namu ja-ja yake." Ya ce, "To Inna, me ya hana ki faɗa?" Ta ce, "In faɗa ka tuge mini ƙamshina?" Nan ya haƙura ya aika ƙauye. Da lokacinsa ya zo aka kawo na gaske cike da ƙwarya, ta baje tabarma a gindin na kurar, ta sha har ta lashe yatsu. Allah ya sa an yi aiken a kan kari, don shekarar da ta biyo baya ba ta same ta ba.

In itace ya yi maka kama da wanda kake nema, ka tambayi wanda ya taɓa ci kafin ka ɗauki gatari da tulu. Hausawa sun riga sun gama magana: kama da wane ba ta wane.