Gwarzon Shara na Barkiya

Badamasi ya ajiye takalman roba sababbi a bayan mota, ya ɗora takardar yabo a kansu, sannan ya buɗe wa Hajiya Khadijat ƙofa. Daga Abuja ta zo, daga ƙungiyar da ke ɗaukar nauyin aikin kwashe shara a Dutsin-Ma da Kurfi. Sa hannunta ne zai sa aikin ya kai baɗi. Idan ta hana, Badamasi zai koma gida da digirinsa, ya ci gaba da taya ƙanensa tsaron shago.

Tsarin ba shi da wuyar bayani, in ji Badamasi, wanda ya shekara yana bayaninsa. Kowane mai kwashe shara an ba shi 'yar na'ura kamar kwalin ashana, ya rataya a wuya. Ita ke faɗin inda ya ɗauki shara da inda ya zubar. Bayanin yana shiga kwamfutoci da yawa lokaci guda, babu mai iya gogewa ko gyarawa. Wannan shi ake kira bulokcen.

Abin da bulokcen ya tabbatar, ba tare da shakka ba, shi ne yawancin ma'aikatan suna son shayi. Na'urorinsu kan taru a teburin mai shayi tun hantsi, su zauna cikin lumana har azahar.

Mutum ɗaya ne ya fita daban, Malam Labaran na Barkiya. Kullum na'urarsa na barin gida da sassafe, ta bi jujin unguwa, ta miƙe gona, inda toka da sharar gida ke zama taki kafin damina. Tafiyarsa ɗaya ce, ba sauri ba nawa. Bai taɓa tsayawa shan shayi ba, sai ɗan hutu a gindin wani gawo. Bai taɓa zuwa ofis ƙorafin alawus ba. Wasu ranakun na'urar kan nuna yana jujjuyawa a wuri guda cikin rairayi, Badamasi ya rubuta cewa matsalar sabis ce.

"Shi nake so in gani," in ji Hajiya. "Rahoto kowa ya iya rubutawa."

Suka wuce Kurfi, suka sauka daga kwalta. A wayar Badamasi ɗigon Malam Labaran yana baro gona, ya nufo gida.

Sai dai da suka isa, Malam Labaran na zaune a ƙofar gidansa kan tabarma, ƙafarsa ta dama ɗaure da karare, aikin mai ɗori. Wuyansa babu komai sai carbi.

Aka gaisa, aka yi masa sannu. Hajiya ta tambayi yaushe abin ya faru.

"Tun kafin azumi, Hajiya. Daga kan rumbu na faɗo. Ko masallaci sai an riƙe ni."

Badamasi ya dubi waya. Ɗigon na ci gaba da tafiya, ya ma tsaya gindin gawo kamar yadda ya saba. Ya sake duban wuyan Malam Labaran.

"Malam Badamasi," in ji Hajiya a hankali, "ba kai ka ce min abin nan ba ya ƙarya ba?"

"Ranki ya daɗe, na'ura dai..."

"Wace ƙarya?" in ji Malam Labaran, har ya so miƙewa. "Ku je ku dubi jujin, tas yake. Ku dubi gonar. Ku kuka ce wanda ke kai sharar shi zai rataya abin. To, ni na daina kaiwa, sai in riƙe haƙƙin wani a wuyana? Matata Inno ke yi masa lodi a nan, ƙanena ya sauke a can. Hanya kuwa ya fi ni saninta."

"Ana biyansa?"

"Yana cin abincinsa, Hajiya. Bai taɓa cewa bai isa ba."

Hajiya ta leƙa jujin. Tas yake, har kaji sun rasa abin tona. Ta ce a fito da takalman, da hannunta za ta ba shi. Badamasi ya riƙe takardar yabo, ya gyara hula. Sunan gwarzon shekara ya riga ya shiga bulokcen tun jiya, babu mai iya cire shi.

"Ga shi nan tafe," in ji Malam Labaran.

Daga bayan danga wani farin jaki ya ɓullo, mangala babu kaya a bayansa, rairayi a gadon bayansa, na'urar tana lilo a wuyansa an ɗinke ta cikin fata kamar laya. Hajiya ta daɗe tana kallonsa, ta dubi takalman da ke hannunta, sannan ta ce, "Malam Badamasi, a kasafin baɗi ka sa ƙafa huɗu."