Masu Gadin Mangwarona

Ni dai ban iya ƙin yabo ba. Da malamar jami'a ta gama duba mangwarona a Gummi, ta ce, "Baba, ko tsutsa ɗaya babu. Jajayen tururuwan nan ke korar ƙudan da ke ɓata 'ya'yan. Wa ya koya maka barin su?"

Na gyara hula. "Gadon kakanni ne, Malama."

Kafin sati na zama gwani. Aka sa ni a rediyo, maƙwabta na roƙon iri a leda, har tafiyata ta sauya. Uwargida kaɗai nake lallaɓawa ta rufa mini asiri, tana ta dariya: "Sannu, malamin tururuwa."

Shekara uku ina yi wa tururuwan feshi don in kashe su. Maganin ne jabu.