Allurar da ta ƙi tashi a kan tsaunin Mambila

Kai da duk abin da ba ka gane amfaninsa ba sai ka ce a cire a yar, zauna ka ji na wani direba mutumin Yola. Shekara shida yana jan motarsa a ƙasar da rana ke gasa ƙwai a kan bonet, kuma ba abin da yake taƙama da shi a tasha kamar cewa tasa ba ta taɓa yin zafi ba. Yana da ƙanwa a Gembu wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Ta sayar da saniyarta guda ɗaya tilo don ta fara kiwon kaji, shi kuma ya bugi ƙirji ya ce ba mai kai mata 'yan tsakin sai shi. Ya ɗauko ɗari biyar 'yan kwana ɗaya a Jalingo, ya jera kwalayen a kujerar baya, ya kama hanya.

Har ya gama hawan dutsen Mambila mai lanƙwasa kamar maciji ba abin da ya dame shi. Da ya hau sama sai ruwa ya tsuge, gajimare ya sauko ya kwanta a kan titi, sanyi ya shigo motar kamar an buɗe firji. Ya dubi allurar zafin inji, ya ga ta zube ƙasa ta kwanta. Ya murɗa hita don ta ɗumama motar, iska ta fito ta fi ta waje sanyi. Gilashin gaba ya yi gumi, yana tuƙi da hannu ɗaya yana gogewa da hularsa. A bayansa kuwa kukan 'yan tsaki ya canza. Wanda ya taɓa kiwo ya san wannan kukan, siriri, ba tsayawa. In sanyi ya kama su haye juna suke yi, na ƙasa su mutu.

Ya ce allurar ce ta lalace, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa har ya gaji. Ya ce to ruwa ne ya ƙare, ya tsaya ya buɗe lagireto, ya tarar da shi cike, ya tsoma yatsa a ciki, ɗumin bai kai na shayin da aka manta a kofi ba. Duk ilimin da ya tara na motar da ta yi zafi ne: ka tsaya, ka ɗaga bonet, ka zuba ruwa. Motar da ta ƙi yin zafi fa, me ake zuba mata? Ya tuɓe rigarsa ta sama ya rufa wa kwalayen, ya ci gaba haƙora na haɗuwa, kunnensa duk yana baya. Abin da ya fi tsorata shi, kwali ɗaya ya fara yin shiru.

A Nguroje ya sami wani tsohon bakanike a rumfa yana jin wuta. Direba ya diro yana zuba, man da aka sayar masa ne gurɓatacce, fulogi ne, wayoyi ne. Tsoho ya ce masa ya kashe motar ya sake murɗa makulli, kafin ma inji ya tashi fanka ta kama juyawa, an haɗa ta kai-tsaye. Tsoho ya girgiza kai. Ya kwance kusoshi biyu inda babban tiyon ruwa ya shiga inji, ya zura yatsa, ya juya shi a cikin rami fayau.

"Malam direba, ina mai gadin ƙofar nan?"

Sai a lokacin ya tuna. Ranar da ya sayi motar, shi da kansa ya tsaya a kan bakanikensa ya ce a cire masa tamostat, wannan ɗan ƙarfen da bai fi murfin kwalba girma ba, kamar yadda kowa ke yi a tasha, wai na ƙasar Turawa ne masu ƙanƙara. Bakaniken ya so ya yi magana, direba ya ce masa motarka ko tawa? Tsoho ya ce ai aikin ƙarfen ke nan, ya tsare ruwa a cikin inji har ya yi zafi sannan ya buɗe masa hanya. Yanzu ruwa na ta zagaye ba mai ce masa tsaya, fanka na hura shi, sanyin Mambila na taya ta. Irinsa kuma babu a nan, sai an aiko daga Jalingo.

Tsoho ya zare wayar fanka, ya yago murfin kwali ya toshe rabin fuskar lagireto, ya sa aka kawo kaskon garwashi daga wajen mai shayi aka ɗan ɗumama kwalayen. Allura ta fara ɗagowa a hankali, hita ta kawo ɗumi. Amma ɗumi ba ya ta da matacce.

Da ya isa Gembu ƙanwarsa ta fito da fara'a, ta durƙusa tana buɗe kwalayen ɗaya bayan ɗaya. Masu motsi ta zuba su a ɗakin da ta share ta shimfiɗa wa ɓuntu tun mako guda, marasa motsi ta tara su a gefen zani. Tarin gefen zani ya kusa kamo na ɗaki. Ya tsaya yana jiran ta zage shi, da ta zage shi ma da ya fi masa sauƙi. Ta ɗago ta dube shi, ga shi daga shi sai singileti yana rawar sanyi, ta ce, "Yaya, shigo ka ji wuta, ka sha hanya."

Ai da ma Hausawa sun gama magana: ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.