Irin Kanmu

Wata la'asar a gidanmu na Bungudu, tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba, na tsuguna ina kallon ungozoma tana yi wa ƙanwata wanka. Kwananta uku a duniya. Har yau ina jin ƙanshin man kaɗanya na hannun tsohuwar.

Ta dubi kan jaririyar, mai faɗi ta wajen kunnuwa, ga goshi ya turo, ga haɓa 'yar mitsitsiya. Ta ce, "Wannan sai an mulmula shi." Haka ake yi wa jarirai, a gasa kan da ruwan zafi, a daddanna ya daidaita.

Kakata, wadda karaya ta tanƙware wa ƙafafu tun tana yarinya, ta jawo jiki ta riƙe wa ungozomar hannu.

"Kul, kada ki danna. Irin kanmu ne."

Na ce, "Kaka, wane iri?"

Ta kama yatsana ta bi da shi a hankali ta ƙeyar jaririyar. Na ji laushi da gaɓa-gaɓa, kamar ƙwaryar da ta fashe aka ɗinke. Sai ta buɗe mata ido. Farin ya yi shuɗi-shuɗi, kamar na Kaka.

"Ƙashinmu ba ya jure hannu. Haka ubana yake."

Na ruga bakin randa na leƙa fuskata a ruwa. Goshin nan ne, haɓar nan ce.

Ban taɓa sanin sunan abin ba. Amma duk jikan da aka miƙo mini, kafin in tambayi mace ce ko namiji, idon nake fara buɗewa.